Kafin a danna nakiya a ƙofar gidan mutane

Duk mai haƙar rijiya a Kaduna ya san abin da ke ƙarƙashin garin nan. Da farko baƙar ƙasa, sai jar marmara, sai wani ruɓaɓɓen dutse mai garin-gari da diga ke iya ci, daga nan sai ƙarfe ya fara tartsatsi. A wata unguwar sai an yi gaba goma ba a taɓa dutsen ba. A wata kuwa, musamman wajajen Malali da gaɓar kogin Kaduna, ga shi nan a fili yana shan rana, yara na wasa a kai. Kaduna da Zariya a kan daɗaɗɗen dutse mai tauri suke zaune, irin wanda ya fito sarari ya zama dutsen Kufena na Zariya, kuma bai shimfiɗu bai ɗaya ba: hawa yake yana sauka a ƙarƙashin ƙasa kamar bayan raƙumi. Shi ya sa katafila mai haƙar ramin bututun ruwa za ta yi mita ɗari uku tana kwasar ƙasa kamar tuwo, ta zo ƙofar wani gida haƙoranta su tsaya cak.

A daidai wannan wurin ne rigima take farawa tsakanin mutanen unguwa da masu aikin ruwa. Ra'ayina kuma shi ne, ba nakiya ce tushen rigimar ba. Tushenta shi ne ba a yanke shawarar yadda za a fasa dutsen sai ranar da aka ci karo da shi, kuma wanda ke yanke shawarar shi ne wanda aljihunsa zai ji a jika, wato ɗan kwangila, alhali masu gidajen da ke gefen ramin ba su da ko takarda ɗaya da za ta nuna yadda bangonsu yake kafin a fara. An bar fafe gora sai ranar tafiya.

Babu mai musun cewa sai an haƙa. Ruwan da matatar Malali ke jawowa daga kogin Kaduna ba zai tashi sama ya sauka a Rigasa ba, sai ta bututu. Haka matatar Shika mai tace lita miliyan 150 a kullum ba ta da amfani ga mutumin Zariya sai bututu ya iso layinsu. Aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya faɗaɗa tituna da yawa, kuma duk inda titi ya faɗaɗa sai bututun da ke gefensa ya nemi sabon wuri. Haƙa dai tana nan gaba, mai yawa ma.

Ramin bututu kuwa ba a haƙa shi yadda aka ga dama. Ana son ƙasar da ke kan bututun ta kai santimita 90 aƙalla, idan kuma ƙarƙashin titin da tifa ke bi ne a kai mita 1.2. Ana barin kimanin santimita 30 a kowane gefe domin mai haɗa gaɓa ya samu wurin tsayawa, a kuma samu damar daddaɓe ƙasa. Idan gindin ramin dutse ne, dole a ƙara zurfin da santimita 15 a zuba yashi, don bututu ba ya kwanciya a kan dutse kai tsaye. Ke nan babban bututu mai faɗin milimita 600 yana bukatar rami mai faɗin mita 1.2 da zurfin kusan mita 2. Idan dutsen ya fara daga rabin mita, sai an cire mita ɗaya da rabi na zallan dutse a kowane taku, a cikin layin da wani lokaci faɗinsa duka bai wuce mita shida ba, bango a dama, bango a hagu, ga wayar wuta a sama.

Masu cewa a haramta nakiya kwata-kwata a cikin gari ina fahimtar su. Garin da ya ji ƙarar bam a 2012 da 2014 ba ya jin fashewa ya ce aikin ruwa ne. Uwa tana jin gum, takalmi ma ba za ta tsaya nema ba, sai makarantar yara. Mutanen Kwoi ba su manta da girgizar ƙasar 2016 ba. Kowa kuma ya ga abin da ya faru a Bodija ta Ibadan a Janairun 2024, inda nakiyar da aka ajiye a cikin gida ta share unguwa. Tsoron yana da dalili. Amma kafin a ce a haramta, a dubi abin da zai maye gurbinta, don kowace hanya da irin wahalar da take jawo wa maƙwabta.

Hanyar da aka fi gani ita ce babbar gudumar da ake ɗaura wa katafila a madadin cokalinta. A kan marmara da ruɓaɓɓen dutse, ko dutsen da ya riga ya tsattsage, tana aiki sosai. A kan lafiyayyen dutse mara tsaga kuwa, sai a wuni ana dakan wuri ɗaya, bakin ƙarfen ya yi ja, farar ƙura ta turnuƙe, abin da aka cire bai cika tifa ba. Ƙararta a kusa ta haura ma'aunin ƙara ɗari, daga safe har la'asar, mako biyu ko uku a ƙofar gida ɗaya. Mara lafiya da jariri da ɗalibi mai jarrabawa duk suna ciki. Girgizarta ba ta kai ta nakiya ƙarfi ba, amma ba ta yankewa, kuma idan gudumar tana mita biyu ko uku daga katangar da aka yi da bulo mara siminti, tana iya yi mata illar da fashewa ɗaya mai tsari daga nesa ba za ta yi ba. Farar ƙurar nan ma ba ƙurar hanya ba ce. Garin dutse ne mai kaifi da ke zama a huhu ya ƙi fita, kuma leburan da ke cikin ramin su suka fi kwasa. Maganinta mai sauƙi ne, a riƙa fesa ruwa a bakin gudumar da bakin injin huda, amma sau nawa aka ga tankar ruwa a tsaye kusa da masu wannan aiki?

Akwai hanyar da ba ta da ƙarar fashewa ko kaɗan, wadda ya kamata mutanen unguwa su san da ita domin su iya nemanta da suna: garin fasa dutse. Gari ne kamar siminti, asalinsa ƙonanniyar farar ƙasa, wanda idan ya sha ruwa yake kumbura a hankali da ƙarfin da ke tsaga dutse. Ana huda ramuka masu faɗin milimita 38 zuwa 40, tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakaninsu. Buhun kilo 5 ana dama shi da ruwa lita ɗaya da rabi, ya yi kaurin kunu, a ɗura cikin minti biyar zuwa goma kafin ya fara ɗaukar zafi. Buhu ɗaya yana cika kimanin mita biyu da rabi na huji. A rufe da tamfol a tafi. Zuwa washegari za a tarar da tsaga ta bi layin ramukan daga wannan zuwa wancan, sai katafila ta zo ta ɓamɓare.

Wanda ya ji haka zai ce to me ake jira? Lissafi ne. A rami mai faɗin mita ɗaya da dutse mai kaurin mita ɗaya, kowace mita ta tsawon ramin tana cin huji kusan takwas da gari kusan kilo 16. Mita ɗari ke nan huji ɗari takwas da gari fiye da tan ɗaya da rabi, kuma kayan waje ne, da dala ake sayo shi. Sannan dutse ba ya tsagewa sai yana da gefen da zai matsa. A cikin matsattsen rami sai an fara buɗe masa sarari, ko da guduma ko da wasu ramukan da za a bari ba a cika ba. Zafin Kaduna ma abokin gaba ne. A watan Maris da Afrilu, dutsen da ya wuni a rana ko tafin hannu ba ya ɗauka. Idan aka ɗura garin a irin wannan huji, ko aka dama shi da ruwan jarkar da ta kwana ta wuni a rana, sai ya tafasa ya yi tsartuwa sama kamar harbin bindiga, kuma yana makantarwa. Don haka ana sayen nau'in da aka yi don ƙasashen zafi, a dama da ruwan sanyi, a ɗura da sassafe bayan asuba, kuma ba a leƙa hujin bayan an cika. A unguwar da yara ke zagaye duk wani abin kallo, wannan na nufin sai an sa mai gadi ya kwana a wurin. Duk da haka, inda dutse ya fito mita biyar daga bangon ɗakin kwanan mutum, ko kusa da asibiti, ko gefen tsohon bututun da ke aiki, ban ga hujjar amfani da wata hanya ba wannan ba, ko 'yar'uwarta, wato injin weji da ake zurawa a huji ya buɗe shi da ƙarfin mai.

Hanyar gargajiya ta tara itace da tsofaffin tayoyi a kan dutse a cinna wuta, a kwara ruwa da safe ya daddare, masu fasa dutse da hannu sun san ta. Tana cin 'yan santimita ne a kowace ƙuna, hayaƙin taya kuma guba ne. Ba ta da wuri a aikin gwamnati a tsakiyar gidaje, ko da ƙaramin ɗan kwangila ya ga ta fi araha.

Sai nakiya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, girgizar da ke isa bangon gida ba ta dogara da yawan nakiyar da aka tayar gaba ɗaya ba. Ta dogara ne da yawan wadda ta tashi a lokaci guda, da kuma nisan gidan. Gwanin aiki ba ya tayar da huji ashirin tare. Yana sa wa kowanne abin tayarwa mai jinkiri, wannan ya tashi, bayan kashi 25 cikin dubu na daƙiƙa wancan ya biyo, ta yadda kunne zai ji kamar ƙara ɗaya mai ja, amma ƙasa ta karɓi ƙananan duka ashirin a jere maimakon babban duka ɗaya. Akwai kuma ƙa'idar lissafi da hukumar haƙar ma'adinai ta Amurka ta daɗe tana amfani da ita ga wanda ba shi da na'urar awo: gidan da ke mita 23, kada abin da zai tashi lokaci guda ya wuce kilo ɗaya. A mita 46 ana iya kai kilo huɗu. A mita 11 kuwa, kwatan kilo ne kacal. A lura da yadda abin yake sauka: idan nisa ya ragu da rabi, nakiyar ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu take komawa. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna cewa a cikin lungunan Tudun Wada ko Unguwar Shanu, inda bango ke mita uku daga rami, nakiyar da za a halatta ta yi ƙanƙantar da ba za ta biya wahalarta ba. Amma a kan babban layin da ya ratsa fili a bayan gari, ko gindin tankin ajiya da ake ginawa a kan tudu nesa da gidaje, hana ta ɓata kuɗin jama'a ne da jinkirta ruwa ba dalili.

Ita girgizar ana auna ta, ba a ƙiyasta ta da ido. Na'ura ce ƙarama da ake kafawa a ƙasa jikin harsashin gidan da ya fi kusa, tana rubuta saurin motsin ƙasa da milimita a daƙiƙa. Mutum yana fara jin motsi tun daga kusan 0.3. Idan ya kai 1 ana fara ƙorafi. Ƙa'idar Jamus ta sa iyakar gidajen zama a 5 idan girgizar mai nauyi ce a hankali, ta sa 3 ga gine-gine masu rauni da na tarihi. Ta Ingila ta fara daga 15. Tazarar da ke tsakanin inda jiki ke ji da inda bango ke tsagewa tana da faɗi, kuma a nan ne ɓangarorin biyu suke faɗin gaskiya suna ƙaryata juna: mai gida ya rantse gadonsa ya motsa, injiniya ya rantse motsin bai isa ya tsaga komai ba, kuma yana yiwuwa duka biyun ba wanda ya yi ƙarya.

Sai dai injiniyan da zai ɗauko lambar Ingila ya kafa a Kaduna bai yi adalci ba. Waɗancan lambobi an gwada su ne a kan gidajen da aka gina da ƙa'ida. Gidajenmu da yawa ginin ƙasa ne aka yi wa rigar siminti, ko bulon da aka ja buhu ɗaya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa, wanda idan ka murza gefensa da yatsa yashi zai zubo. Wasu katangun ba su da ginshiƙi ko ɗaya, harsashinsu bulo biyu ne a cikin ƙasa. Ga irin waɗannan, ƙaramar lamba ce ta dace, 5 ga gidan bulo, 3 ga ginin ƙasa da tsofaffin masallatai, kuma a rubuta ta cikin takardar kwangila da lamba, ba a ce "a yi a hankali" ba.

A gaskiya ma abin da ya fi kashe mutane a aikin nakiya ba girgiza ba ce, tsallen dutse ne. Gutsuren da bai fi dunƙulen hannu ba yana iya tafiyar mita ɗari ko fiye ya huda kwanon rufi. Dalilansa sanannu ne, kuma duka sakaci ne. Ko an cika hujin da nakiya har kusa da baki ba a bar wurin toshewa ba. Ko an toshe da garin da injin huda ya fitar maimakon ƙananan tsakuwa masu kaifi da ke cijewa. Ko hujin ya karkace ya matso kusa da fuskar dutsen har naman da ke gabansa ya yi siriri. Ko an bi ta kan wata tsaga mai laushi da mai hudar ya ji a hannunsa amma bai gaya wa mai ɗurawa ba. A cikin gari ba a tayar da nakiya a buɗe. Ana lulluɓe wurin da tabarmar tayoyi, wato tsofaffin tayoyin mota da aka yanka aka saƙa da igiyar ƙarfe, mai nauyin da sai katafila ta ɗaga, kowace ta hau kan 'yar'uwarta, wani lokaci a ƙara da yashi a sama. Duk wanda ya ga an jefa fallen kwano biyu da buhunan ƙasa an ce an rufe, to ya kwashe iyalinsa ya kuma ɗauki hoto.

Akwai wasu illolin biyu da ba a cika zancensu ba. Na farko hayaƙi. Fashewar da aka danne da tabarma da ƙasa, iskar gubar da ta haifar ba ta samun hanyar sama, sai ta bi tsagogin dutse ta gefe, ta taru a rijiya ko sokawe ko shadda da ke kusa. Ba ta da wari ba ta da launi. Wanda ya shiga yasar rijiya washegari yana iya suma a ƙasa. Shi ya sa ake buɗe wurin da katafila da zarar an tabbatar komai ya tashi, kuma a hana shiga rijiyoyin kusa na kwana biyu. Na biyu, nakiyar da ake haɗawa da takin zamani da man gas, kashi 94 da kashi 6, ita ce mafi araha, amma ruwa yana narkar da ita. A damina, ko a huji mai tsattsafo, sai ta ƙi tashi gaba ɗaya, ta yi jan hayaƙi mai guba, ragowar kuma ta narke ta bi ruwan ƙasa zuwa rijiyoyin mutane. A jiƙaƙƙen huji nakiyar leda mai jure ruwa ake sawa. Idan kuma wani huji ya ƙi tashi, ba mai matsawa sai bayan rabin awa, kuma ba a sake huda a cikin tsohon hujin. Wannan ne lokacin da 'yan kallo suka fi matsowa, don sun ji shiru.

Tunda an zo kan rijiya: sau da yawa idan rijiyar unguwa ta janye bayan aikin bututu, nakiya ake zargi, alhali ramin ne da kansa. Dogon rami da aka shimfiɗa wa yashi a gindi ya zama magudana a ɓoye, yana kwashe ruwan da ke saman dutse yana gangarawa da shi. Maganinsa a riƙa datse ramin da bangon yumɓu ko kankare a kowace 'yar tazara, musamman a gangare. Abu ne mai arha, amma idan ba a zana shi ba, ba mai yi.

To me ya sa ba a yin duk wannan tun farko? Saboda yadda ake rubuta kwangila. A takardar farashi, haƙar ƙasa kuɗinta daban, haƙar dutse daban, kuma na dutse ya ninka sau da yawa. Idan ba a yi binciken ƙasa ba kafin a ba da aiki, adadin dutsen da aka rubuta ƙiyasi ne kawai. Daga nan ɗaya cikin biyu ke faruwa. Idan ana biyan dutse da awo, sai kowace marmara mai ɗan tauri ta zama dutse a takarda. Idan kuma kuɗin a dunƙule yake, ɗan kwangila ya ci karo da dutsen da bai sa a lissafi ba, sai ya nemi hanya mafi sauri, ko ya kira mai nakiya daga wurin fasa tsakuwa, wanda ya saba da fili ba gidaje ba, ko kuma ya yi abin da ya fi wannan muni.

Abin da ya fi muni shi ne ya ƙi fasa dutsen sam. Ya kwantar da bututun a kansa a zurfin santimita 30 ko 40, ya mayar da ƙasa da yamma bayan mai duba aiki ya tafi. Babu ƙara, babu ƙorafi, unguwa ta yi ta sa albarka. Bayan wata shida tifar yashi ta bi ta kai, bututun roba ya matsu tsakanin taya da tsinin dutse ya tsage. Ko kuma a haƙa daidai, amma a mayar da fasassun duwatsun cikin ramin kai tsaye a kan bututu maimakon yashi ko tankaɗaɗɗiyar ƙasa har santimita 30 a samansa. Kuma a garin da famfo ke zuwa yana ɗaukewa, tsagar bututu ba asarar ruwa kaɗai ba ce. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa, bututun yana zuƙo abin da ke kewaye da shi, kuma abin da ke kewaye da shi a yawancin layukanmu kwata ce. Idan ruwa ya dawo, wannan ne ke fara fitowa a bokitin farko. Unguwar da ta kori masu fasa dutse ba tare da ta tambayi zurfin da aka binne bututun ba, ta sayi amai da gudawa da hannunta. Inda dutse ya fito fili kuma ba hanyar mota ba ce, akwai mafita ta halal: a yi amfani da bututun ƙarfe a ɗora shi a kan ƙafafun kankare a sama, ko a lulluɓe shi da kankare, ko a karkatar da layin ya zagaye. Amma wannan shawara ce ta mai zane, a rubuce, ba ta direban katafila ba.

Dokoki ba su ne suka yi ƙaranci ba. Akwai dokar abubuwan fashewa ta 1964 da ƙa'idojinta na 1967, waɗanda suka sa saye da ajiya da tayar da nakiya a ƙarƙashin lasisin ma'aikatar ma'adinai ta tarayya. Akwai dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, tana da ƙa'idojin fasa dutse na 2013, jiha kuma tana da tata hukumar kare muhallin, KEPA. Mai unguwa yana da cikakken haƙƙin ya ce a nuna masa takardar shaidar wanda zai danna, da izinin aikin, da inda ake kwana da kayan. Amsar tambaya ta ƙarshe kada ta kasance kwantena a bakin layi ko ɗakin haya.

Abin da nake ganin ya kamata hukumar ruwa ta jiha, KADSWAC, ta mayar al'ada bai da tsada idan aka gwada da kuɗin aikin. Kafin a fitar da kwangila, a bi layin a haƙa ramin gwaji ko a soka ƙarfen huda a kowace mita 50 zuwa 100, a matso da tazarar inda aka fara taɓa dutse. Daga nan a zana taswira: nan guduma, nan garin fasa dutse, nan an yarda da nakiya bisa iyaka kaza. Kowace hanya da farashinta a takarda, don kada mai aikin kirki ya faɗi a gasar farashi saboda ya yi lissafin gaskiya.

Sannan a shiga gidaje kafin a fara. Wannan shi ne abin da ya fi komai kashe rigima, kuma shi aka fi tsallakewa. Duk gidan da ke cikin mita 50 daga inda za a fasa, wakilin ɗan kwangila da na hukuma da mai unguwa su shiga tare, da mace a cikinsu saboda gidajen kulle, a ɗauki hoton kowane bango ciki da waje, a sa hannu, a bar wa mai gida kwafinsa. Kusan kowane gida a Kaduna yana da tsaga tun kafin katafila ta zo, don ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani. Mutum ba ya lura da ita sai ranar da ya ji gum ya tashi yana duba bango. Ba tare da hoton farko ba, mai gaskiya ba ya iya tabbatar da gaskiyarsa, mai son banza kuma ba a iya ƙaryata shi, sai a taru a hana kowa diyya.

Idan ba su zo ba, mai gida ya yi da kansa, ba ya bukatar izinin kowa. Ya ɗauki hoto da waya, ya kara rula a jikin tsagar don a ga faɗinta. Ya ja layi da fensir a inda ta ƙare sama da ƙasa, ya rubuta kwanan wata a gefe. Ya manna siririn gilashi a gicciye a kanta da gam mai ƙarfi. Idan bangon ya motsa gilashin zai karye, idan bai karye ba shi ma ya samu natsuwa. Ya zura igiya a rijiya ya ƙulla inda ruwa ya tsaya, ya ɗebi kwalba ɗaya ya ajiye. Ya tura hotunan ga mai unguwa ta WhatsApp a ranar, don kwanan watan ya zauna a wayar wani ba tasa kaɗai ba.

Lokacin fashewa kuma a tsayar da shi tare da mutanen unguwa, awa ɗaya sananniya a kullum, wadda ba ta faɗa kan tashin 'yan firamare ko shigar 'yan Islamiyya ko sallar azahar ba, ban da Juma'a da Lahadi. A sanar a masallaci da coci tun kwana biyu kafin nan, a gaya wa ofishin 'yan sanda na yankin, a busa jiniya sau uku, a tsayar da mutum da jan ƙyalle a kowane bakin lungu har da ƙananan hanyoyin da 'yan acaɓa ke kurɗawa. Bayan kowace fashewa, lambar da na'urar awo ta nuna a rubuta ta a allo a bakin aikin inda kowa zai gani. Idan ta haura iyaka, a tsaya, a rage nauyin abin da ke tashi lokaci guda, kafin a sake.

Akwai kuɗin da ake riƙewa daga kowane biya, galibi kashi biyar cikin ɗari, wanda ba a sakar wa ɗan kwangila sai wa'adin gyaran kurakurai ya cika. A halin yanzu abin da ake dubawa kafin a sake shi shi ne ko bututu yana yoyo. A ƙara sharaɗi biyu. A tone wurare uku ko huɗu da injiniyan hukuma zai zaɓa da kansa a cikin yankin dutsen, a sa tef a auna zurfin bututun, a ga ko yashi ne a ƙarƙashinsa. Sannan a buɗe littafin ƙorafin da ke hannun mai unguwa, a bi shi gida-gida da hotunan farko a hannu, duk wanda tsagarsa sabuwa ce a gyara masa ko a biya shi daga cikin kuɗin nan, tulin fasasshen dutsen da aka bari a bakin kwata kuma a kwashe shi kafin ruwan farko ya sauka.